Abin da Mai Tukunya Bai Faɗa Ba

A aji shida na firamare na tsaya. Na fara da wannan ne don a san iyakar Turancina. Idan a rubuce yake, aka ba ni lokaci, na sa yatsa a ƙarƙashin layi, zan karanta shi in fassara. Idan kuwa Bature ne ya buɗe baki yana zubo shi ta hanci, to ni da wanda bai taɓa shiga aji ba duk ɗaya muke. A gidanmu na unguwar Maamobi, a Accra, ba wanda ya san da wannan bambanci. Su dai sun san tela yana jin Turanci.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi kuma ya saya mini keken ɗinki. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, ya dawo ya yi gadi shekaru masu yawa a wajen filin jirgi. Turancinsa na fareti ne, hagu da dama da tsaya cik. A lokacin da nake magana, wajen ƙarshen shekarun tamanin, yanar ido ta rufe masa gani. Yana ganin haske da inuwa, yana gane mutum da tafiyarsa, amma ba ya wuce bakin layi sai an riƙe masa hannu. Ɗansa guda ɗaya yana aikin gini a Libiya, yakan rubuto wasiƙa da Turanci bayan wata biyu ko uku. Ni nake karanta masa. Sai ya karkato kunnensa mai kyau, in karanta layi in fassara, in sake karanta layi in fassara. In na gama ya ninke ta da kansa, ya sa a wani gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadonsa. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa ɗan 'yar'uwarsa bai taɓa ƙara masa ko rage masa ko harafi ɗaya ba.

A wannan lokacin ne bidiyo ta cika unguwa. Wani mutumin Alajo ya buɗe ɗakin kallo a bayan shagona, kusa da babbar gota, magudanar ruwan da ta raba mu da Nima. Benci shida ne, da talabijin a kan ganga, da labulen buhun fulawa a ƙofa. Da yamma samari ke cika shi don finafinan faɗa da na Indiya, da rana kuwa ba kowa sai ƙudaje. Ya taɓa sayen kwalin kaset a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema, ya tarar da guda biyar a ciki tsofaffi, marasa launi, na zamanin yaƙi. Samari suka yi musu ihu. Sai ya yi dabara, ya mayar da su ranar Laraba bayan azahar, don tsofaffin sojoji da masu gadin da ba su da abin yi da rana.

A duk guda biyar ɗin akwai wani gajeren Bature mai manyan kunnuwa. Ba shi ne jarumin ba. Jarumin kullum dogo ne mai gashin baki, shi ke samun lambar yabo, shi ke samun yarinyar. Gajeren nan yana gefe, hular kwanonsa ta fi kansa girma, kullum da wani abu a hannunsa da yake shirin faɗuwa. A uku daga ciki kukun soja ne, a ɗaya mai kai abinci ne a jirgin ruwa, a ɗaya kuma direban wani babban hafsa. Ba wanda ya damu da sunansa, rubutun farkon fim gudu yake yi. Tsofaffi suka sa masa Mai Tukunya. In dogon ya fara zance da yarinyar sai su juya suna hirarsu, wasu su yi gyangyaɗi. In kunnuwan nan suka leƙo ta gefen talabijin, kowa ya gyara zama.

Abokin Kawu, wanda duk unguwa ke kira Saje, shi ya ba shi labari. Wata Laraba Kawu ya tsaya a ƙofar shagona da sandarsa.

"Tela, rufe. Kai ni in ga wannan kukun da Saje ya dame ni da shi."

"Kawu, ai ba za ka gani sosai ba."

"Kai ka gani. Ka ji kuma. Me na kai ka makaranta ka yi?"

Muka zauna a bencin gaba. Kwanon rufi ya ɗauki zafi, zufa tana bin bayana. Abin da ido ke gani bai ba ni wahala ba. Na ce masa ga sojoji a layi, ga samanja yana dubawa, ga Mai Tukunya a ƙarshen layi ya ɓoye kaza a cikin rigarsa, ga rigar tana motsi. Samanja ya tsaya a gabansa, ya sunkuyo ya kalli cikin. Mai Tukunya ya sara masa da ludayi a hannu, ya fara magana da sauri, bakinsa yana rawa.

Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu. "Me ya ce?"

Duk kawunan da ke ɗakin suka juyo gare ni. Ashe makonni suke kallo ba mai fassara, suna dariyar faɗuwa da zubewar miya kawai. A duk maganar nan ba abin da na kama sai "sa", wato ranka ya daɗe, sau biyu. Allah ya sani na buɗe baki ne in ce ban ji ba. Abin da ya fito shi ne:

"Ya ce ba kaza ba ce, ranka ya daɗe, waken jiya ne ke kuka."

Saje ya yi dariya har ta koma tari, sai da aka buga masa baya. Wani tsoho ya zamo daga benci. Kawu ya buɗe baki har dasashi, abin da ban gani ba tun rasuwar matarsa. Suka sa mai bidiyo ya mayar da wurin baya, yana gunagunin za su cinye masa kan inji, suka ce in sake faɗa. Na sake faɗa.

Da na koma shago na kasa zura zare a allura. Na ce wa kaina sau ɗaya ne, Laraba mai zuwa zan gyara. Laraba ta zo, benci ya cika har wasu na tsaye, an ji labari cewa yanzu Mai Tukunya yana magana da Hausa. Ban gyara ba.

Kafin wata biyu na yi masa uwa mai sayar da koko. Na yi masa mata da ta fi shi tsawo, wadda yake tsoro fiye da bom. A fim ɗin jirgin ruwa, inda yake tangaɗi da faranti shida a hannu, na ce yana rantsuwa in ya taka ƙasa ba zai ƙara ko tsallake gota ba. A na direba, inda ya shigar da motar hafsa cikin kududdufi, na ce yana cewa gajeriyar hanya ce, kawunsa ya nuna masa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba na shiryawa. Ina ganin ya ɗaga gira, maganar ta zo da kanta, kamar da ma tana jira a bakina.

Kaset biyar ne kawai, suna zagayowa, tsofaffi kuma ba sa mantuwa. Ranar da fim ɗin kaza ya dawo na ce rogo ne ke kuka. Saje ya buga sanda a ƙasa.

"Kai! Wancan karon wake ya ce. Bature ya canza magana a cikin kaset?"

Na ce kunnena ne, wake ne. Daga ranar na fara rubuta abin da na sa a bakinsa a bayan littafin awo, in yi bita ranar Talata. Gaban littafin wuya da hannu da tsawon rigar mutane, bayansa ƙarya a jere, da lamba.

Wata Juma'a na tsaya bayan an watse daga salla, na sami malamin masallacinmu. Na ce wani abokina ne yake tambaya: mutum ya faɗi abin da ba a faɗa ba don tsofaffi su yi dariya, ba don cutar da kowa ba, yaya hukuncinsa? Malam ya ce ƙarya sunanta ƙarya ko da ta ba da dariya, kuma wanda aka sa wa magana a baki yana da haƙƙi, sai a je a roƙe shi gafara.

"In ya mutu fa, Malam?"

"Sai a yi masa addu'a. Ɗan unguwar nan ne?"

"Bature ne."

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "Abokin nan naka, a ina ya samo mataccen Bature?"

Na ce zan tambaye shi, na ɗauki takalmina. A hanya na tuna ban ma tabbata ya mutu ba, wato na ƙara wata ƙaryar a cikin masallaci. Na biya wurin mai bidiyo na tambaye shi ko yana ganin gajeren nan yana da rai.

"Cale, abokina, fim ɗin nan ya girme ni. Kowa a ciki ya mutu, har kazar."

To, ga mutum ya yi aikinsa a ƙasarsu, ya faɗi abin da aka ba shi ya faɗa, ya mutu. Ni kuma ina nan a bakin gota ina aura masa matar da bai sani ba. Ban san sunansa ba balle in san inda danginsa suke. In ya kalli waje ta cikin talabijin, da idon nan nasa na wanda aka kama, sai in ga kamar ni yake kallo.

Haka nake har wata Laraba da aka tashi, Saje ya ɗaga murya a bakin ƙofa. Ya ce wani tsohon hedimasta daga Accra New Town ya dawo zama wurin 'yarsa a layinmu, sun gaisa, ya gayyace shi.

"Laraba mai zuwa Tica zai zo. Shi Turanci a gidansa ya kwana. Tela, ka sami mataimaki, ka huta da baki."

Ban san yadda na kai Kawu gida ba. Makon nan na haɗa hannun riga a juye sau biyu. Na bar dutsen guga a kan yadin wani har ya yi ja. Ranar Asabar na rufe shago da rana tsaka, na taka har Kanda na dawo, ban sayi komai ba, ban gai da kowa ba. Matata ta tambaya ko zazzaɓi ne, na kusa in ce e, don in sami dalilin kwanciya ranar Laraba, sai na ga wata ƙaryar ce. Na yi tunanin in roƙi mai bidiyo ya ce inji ya lalace, wato in sa wani ya yi mini. Na yi tunanin in je wurin Tica a ɓoye in roƙe shi ya rufa mini asiri, wato in jawo dattijon da bai san hawa ba cikin abin da na shuka. Kowace hanya na bi sai in tarar da wata sabuwar ƙarya a tsaye.

Ba dariyar tsofaffi nake tsoro ba. Su yi mini ba'a shekara guda, zan ɗauka. Gwangwanin biskit nake tunani. Kawu ba shi da wata hanya zuwa ga ɗansa sai bakina. Da bakina ya ji yana lafiya, da bakina ya ji ya faɗo daga kan katako ya warke, da bakina ya ji zai dawo in ginin ya ƙare. In ya ji a bakin wani cewa nakan ƙirƙiro magana in ba Bature, me zai hana shi zama a ɗaki yana juya kowace wasiƙa a ransa, yana tambayar ko ɗan nasa ma yana raye?

Ranar Talata da safe na same shi ya gama shan koko, yana laluben goro a aljihu. Na durƙusa a gabansa.

"Kawu, ina da magana."

"Wasiƙa ta zo?"

"A'a. Maganar Mai Tukunya ce. Ba na jin abin da yake faɗa. Ni nake ƙirƙirowa."

Hannunsa ya tsaya a aljihu. "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Waken?"

"Har waken."

"Uwarsa mai koko fa?"

"Ban ma san ko yana da uwa ba, Kawu."

"Kowa yana da uwa," ya ce. Bai yi murmushi ba.

Ya ciro goron, yana juya shi a tafin hannu. Ina jin mata suna faɗa a bakin famfo, ina jin rediyon maƙwabta. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan. Sai ya ce, a hankali:

"Shiga ka ɗauko gwangwanin. Kai ni gidan Tica."

Na riƙe hannunsa na dama, ya rungume gwangwanin da na hagu. Bai ba ni in ɗauka ba. Tica dattijo ne siriri mai farar singileti, yana zaune a baranda da jarida. Suka gaisa gaisuwar manya, mai tsawo. Kawu ya ce idonsa ya tafi, yana so a sake karanta masa wasiƙun ɗansa tun daga ta farko, in ba damuwa. Tica ya dube ni, ya san ni ne mai karantawa, amma bai tambaya ba. Na zauna a kan matakala.

Kawu ya kusa haddace su. Tica yana fassarawa yana gyaɗa kai, wani wurin ma ya riga shi ƙarasawa. Ni kuwa ina bin kowane layi da kunne. Faɗuwa daga katako ta fito yadda na faɗa. Zafin ƙasar, da tsadar wasiƙa, da gaisuwa ga Saje, duk suka fito. Na fara numfashi. Sai Tica ya buɗe wata shuɗiya mai tabon mai a gefe, kafin ya kai ƙasanta na tuna.

"A ƙarshe ya ce: Baba, ka riƙe tela da kyau. Ni na tafi neman kuɗi, shi ya zauna da kai. Ya fi ni zama ɗa."

Kawu ya karkato kunne. "Sake faɗa." Tica ya sake. Kawu ya juyo inda nake.

"Wannan ban taɓa jin shi ba."

"Kunya na ji, Kawu. Yaya zan yabi kaina da bakina?"

"Ni na aike ka jin kunya? Karatu na aike ka. Can ka ƙara, nan ka rage."

Tica ya yi kamar yana gyara tabarau. Aka ƙarasa sauran, ba a sami wani abu ba. Kawu ya ninke kowace da hannunsa, ya yi godiya. A hanyar gida, da muka zo tsallake wani rami, ya ce, "Gobe kai za ka faɗa musu da kanka."

Na faɗa. Na tsaya a gaban talabijin kafin a kunna. Da na gama, sai Saje ya nuna ni da sanda.

"Ashe waken nan naka ne, ɗan banza! Wata uku ina ba jikokina labarin Bature mai cin wake!"

Wani ya ce shi da ma ya yi shakka tun a kan koko. Saje ya ce ƙarya yake, shi ya fi kowa dariya a wurin. Aka sa fim ɗin kaza, aka ba Tica bencin gaba. Da aka zo wurin, ya sa aka mayar baya sau biyu, ya matso da kunne kusa da talabijin. Ya ce wannan Turancin ƙauyensu ne, shi ma rabi yake kamawa.

"To me ya ce?" in ji Saje.

"Ya ce bai san yadda aka yi ta shiga rigarsa ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

A talabijin kazar ta fito da kai ta wuyan rigar, ta kalli samanja, Mai Tukunya ya mayar da kan ciki da ludayi yana kallon sama. Ba wanda ya fassara wannan, amma ɗaki ya ɗauka da dariya. Kawu ya tambayi me ya faru, na faɗa masa abin da idona ya gani, ba ƙari. Ya gyaɗa kai. Can da gajeren ya sake buɗe baki, Tica ya faɗi abin da ya kama, sai Kawu ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Mun ji na Bature. Tela, kai kuma me ka ce?"

Haka aka koma yi. Tica ya faɗi na mai shi, ni in faɗi nawa, kowa ya san wane ne na wa. Wani lokaci nawa ya fi, wani lokaci Saje ya ce in zauna, Bature ya kayar da ni. Na yage shafukan bayan littafin awo, tunda yanzu ina iya canza wake ya koma rogo ba mai kama ni.

Bayan kamar wata guda wasiƙa ta zo. Kawu ya aiko aka kira ni. Na wanke hannu, na zauna, na sa yatsa a ƙarƙashin layi. Na karanta har adireshi, har kwanan wata, har wata kalma da aka soke na ce masa an soke ta. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita wurin da ɗan ya ce ginin ya kai hawa na uku. Sannan ya ninke ta, ya lalubi sandarsa, ya miƙo mini hannu.

"Mu je gidan Tica."

Na kama hannun, muka fita. Haka muka yi da kowace wasiƙa, shekara biyu da wani abu, har ɗansa ya dawo.